Yadda Ake Kafa Kwamitin Amintattu da Shugabancin Ma'aikata a Ƙungiyar Kare Teku

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, daga Badagry a jihar Legas har iyakar Kamaru a Kuros Riba, ta ratsa Ogun, Ondo, Delta, Bayelsa, Ribas da Akwa Ibom. Duk tsawon nan aiki ne jibge yana jiran masu yi. Kunkurun teku na fitowa kan rairayi da dare su yi ƙwai, ana kwashewa kafin gari ya waye. Dazukan mangurob (itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku) na yankin Neja Delta, da babu kamarsu girma a Afirka, malalar mai da saran itace na cinye su. Garin Ayetoro a Ondo teku na kwashe shi gida bayan gida. Mu na arewa ma da hannunmu a ciki, domin Neja da Binuwai, bayan sun haɗe a Lakwaja, teku suke kai ledar da robar da muka zuba musu.

Matasa da dama sun kafa ƙungiyoyin sa-kai don wannan aiki, kuma abin da ya fi karya su tun suna ƙanana shi ne ba a san wa ke da ikon me ba. Mutum ɗaya ne ya kafa, shi ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ke sa hannu a banki, shi ke rubuta rahoton da zai karanta wa kansa. Wannan jagora na masu son kauce wa haka ne, bisa dokar Najeriya.

Mataki na 1: Ku rubuta aikin kafin ku nemi mutane

"Kare teku" buri ne, bai kai matsayin aiki ba tukuna. Ku zauna ku fitar da abu ɗaya ko biyu, a wuri sananne: gadin sheƙar kunkuru a wani yanki na rairayin Lekki ko Ibeno, ko dawo da mangurob a wasu ƙauyuka da nipa, wata bishiya dangin kwakwa, ta mamaye (an shigo da ita Kalaba a 1906, kuma har yau tana korar mangurob na asali), ko taimaka wa mata masu bandar kifi su rage itacen da suke ƙonawa. Wannan zaɓi ne zai nuna muku irin mutanen da kwamiti ke bukata. Kuma duk abin da kuka rubuta a matsayin manufa zai ɗaure ku gobe, saboda doka ta ce kuɗi da kadarar ƙungiya ba za a kashe su ba sai a kan manufofin da ke cikin kundin tsarin mulkinta.

Mataki na 2: Ku raba riƙon amana da gudanar da aiki

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan ɗan tsaya.

Kwamitin amintattu mutane ne 'yan sa-kai, ba su da albashi. Su ke riƙe da sunan ƙungiya da kadararta a gaban doka. Aikinsu bai wuce abubuwa huɗu ko biyar ba: su tsare manufa, su amince da kasafin kuɗi da tsarin aikin shekara, su ɗauki babban darakta su duba aikinsa su sallame shi idan ta kama, su tabbatar ana bin doka, su kuma buɗe ƙofofin da ma'aikata ba za su iya buɗewa ba. Darakta da ma'aikatansa kuwa su ke shiga kwale-kwale, su ke zama da masunta, su ke rubuta neman tallafi, su ke biyan direba. Kwamiti ya ce ga inda za a je, darakta ya san yadda za a je, sannan ya dawo ya ba da bayani.

Wannan rabo ba ra'ayina ba ne kawai. Dokar Kamfanoni ta 2020, a sashen da ya shafi amintattu masu rajista, ta hana a naɗa ɗan majalisar gudanarwa, wato ɗan kwamiti, a kujerar da ake biyan albashi, sai wanda ya shiga majalisar saboda muƙaminsa. Ta kuma hana a ba su wani kuɗi ban da mayar musu da abin da suka kashe daga aljihunsu, ko kuɗin haya mai ma'ana idan gininsu ƙungiya ke ciki, ko ladan wani aiki takamaimai da suka yi.

To, wanda ya kafa ƙungiya fa? Dole ya zaɓa, kuma zaɓin da ciwo. Idan yana son albashi da aikin yau da kullum, ya zama darakta, ya yarda cewa kwamitin da shi ya gayyato yana da ikon duba shi har ya cire shi. Idan iko yake so, ya zauna a kwamiti kyauta ya bar wani ya gudanar. Shawarata ga mafi yawan matasa: ku zama daraktoci, ku zauna a taron kwamiti ku ba da rahoto, amma kada ku riƙe ƙuri'a, kada kuma ku zama shugaban kwamiti. Na san zuciya ba ta son mutum ya miƙa abin da ya sha wahala a kai ga wasu. Amma mai ba da tallafi, da ya ga suna ɗaya a saman takarda da ƙasanta, ya gama yanke hukunci.

Mataki na 3: Zaɓen waɗanda za su zauna a kwamiti

Doka ta yarda da amintattu biyu zuwa sama, amma biyu ba kwamiti ba ne. Biyar ko bakwai ya fi, adadi mara rabuwa biyu daidai, don kada ƙuri'a ta cije. Doka ta hana wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa, da wanda ya karye da bashi bai warware ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekaru biyar da suka wuce.

Kada ku fara da sunaye. Ku fara da kujeru, sannan ku nemi wanda ya dace da kowace.

Kujera ta farko ta mai sanin kuɗi ce, akanta na gaske wanda zai kalli takardar banki ya gane abin da bai yi daidai ba. Shi ne zai zama ma'aji. Ta biyu ta lauya ce, ko wanda ya saba da ofisoshin gwamnati. Ta uku ta masanin kimiyyar teku. Irin su suna nan a Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya, NIOMR, da ke Victoria Island, da sashen kimiyyar teku na Jami'ar Legas, da cibiyar nazarin teku ta Jami'ar Kalaba. Amfaninsa shi ne ya hana ku aikin banza: dasa mangurob inda igiyar ruwa za ta tuge shi cikin mako, ko kwashe ƙwan kunkuru a juya su yadda ba za su ƙyanƙyashe ba.

Sai kujerun da aka fi mantawa da su, kuma a ganina sun fi sauran nauyi: masunci daga ƙauyen da za ku yi aiki, da mace daga cikin masu banda da sayar da kifi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masunci ya san watan da kunkuru ke faɗawa cikin raga, ya san daren da manyan jirage ke matsowa gaɓa, ya san wanda za a gaisar kafin a taka rairayin. Matan kuwa su ne sau da yawa ke ba masunta kuɗin man fita, don haka maganarsu na da nauyin da ba a gani daga ofis. Amma kujerar ta zama ta gaske. Idan ana taro da Turanci zalla a wani otal a Ikoyi, aka aika takardu ta imel ga wanda ba ya buɗe imel, an zaunar da shi ne don hoto. Ku yi taron da harshen da kowa ke ji, ko Burokan ko Yarbanci ko Ibibiyo, ko ku kawo tafinta. Ku biya kuɗin motarsa da masaukinsa. Ku kira shi kafin taro a karanta masa abin da ke cikin takardun. Ku kuma bar al'ummar ta zaɓi wakilinta da kanta ta hannun ƙungiyar masunta da masu gari, kada ku ɗauko wanda kuka fi jin daɗin hira da shi.

Manyan mutane masu suna, da ba za su zo taro ba, ku ba su muƙamin uban ƙungiya ko uwar ƙungiya, ba kujerar amintattu ba. Miji da mata, ko wa da ƙane, kada su haɗu a kwamiti ɗaya, musamman kada ɗaya ya zama darakta ɗaya ma'aji.

Kafin mutum ya karɓa, ku gaya masa gaskiya: taro nawa a shekara, babu albashi, sunansa zai fito a jarida da takardun hukuma, kuma idan kuɗi suka ɓace shi ma za a tambaye shi. Wanda ya ja baya a nan ya taimake ku.

Mataki na 4: Kundin tsarin mulki da rajista

Rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ake yi. Za ku nemi a amince da suna, ku yi taron da aka naɗa amintattu a rubuta bayaninsa, ku buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, sannan a miƙa takardu tare da kundin tsarin mulki. Bayan takardar shaida ta fito sai lambar haraji, sai rajista da SCUML, sashen hana safarar kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, domin banki zai nemi takardarsu kafin asusu ya yi aiki. Lauya ko wakilin da ya saba zai gama muku wannan.

Abin da lauya ba zai yanke muku ba shi ne cikin kundin. Kada ku kwafi na wata ƙungiya ku canja suna. Ku tabbata ya faɗi tsawon wa'adin ɗan kwamiti (shekara uku, a sabunta sau ɗaya, tsari ne mai kyau), mutum nawa za su halarta kafin taro ya halatta, yadda ake cire wanda ya daina zuwa, ko taro ta waya ko intanet ya halatta, da wanda ke da ikon ɗauka da sallamar darakta. Waɗannan layuka ba sa burge kowa ranar da ake rubuta su. Ranar rigima su kaɗai za ku samu.

Mataki na 5: Ɗaukar darakta da shata masa iyaka

Ko da wanda ya kafa ne zai zama darakta, a ba shi takardar ɗaukar aiki da shugaban kwamiti ya sa wa hannu: aikinsa, albashinsa, wa yake ba rahoto, da yadda za a rabu idan ta kai ga haka. Kwamiti ne ke yanke albashin darakta, kuma darakta ya fita daga ɗakin lokacin da ake maganar.

Sai a rubuta takarda ɗaya, shafi guda ya isa, da ke cewa darakta zai iya kashe kuɗi har zuwa adadi kaza da kansa, sama da haka sai da sa hannun ma'aji, sama da wani adadin kuma sai kwamiti ya zauna. Haka ma yarjejeniya da wata hukuma, da karɓar tallafi mai sharaɗi, da sayen kwale-kwale ko inji.

Iyakar tana aiki ta ɓangare biyu. Ɗan kwamiti ba zai kira jami'ar fili ya ba ta umarni ba, ba zai turo ɗan ƙanwarsa a ɗauke shi aiki ba, ba zai ari motar ƙungiya zuwa biki ba. Kwamiti ma'aikaci ɗaya gare shi, shi ne darakta, kuma da murya ɗaya yake masa magana, ta bakin shugaba. Idan ɗan kwamiti ya zo aikin share rairayi ranar Asabar, a ranar ɗan sa-kai ne kamar kowa, yana ƙarƙashin jami'in da ke jagorantar aikin. A ƙaramar ƙungiya da ba ta da ma'aikata tukuna, dole 'yan kwamiti su yi aikin hannu, babu laifi. Sai dai a rubuta cewa na wucin gadi ne, a janye da zarar an ɗauki mutum.

Sau ɗaya a shekara shugaba da wani ɗan kwamiti su zauna da darakta su duba abin da aka yi alkawari da abin da aka yi. Su kuma tambaye shi yadda yake, domin daraktan ƙaramar ƙungiya yakan yi watanni yana biyan ma'aikata kafin kansa ba tare da kowa ya sani ba.

Mataki na 6: Kuɗi

Asusu da sunan ƙungiya, hannu biyu kafin kuɗi su fita, kuma ma'aji ya riƙa ganin takardar banki kai tsaye daga banki, ba ta hannun darakta ba. Kuɗin da aka bayar don wani aiki takamaimai, kamar tallafin ƙananan ayyuka na GEF, asusun kare muhalli na duniya, da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ke gudanarwa, ba a taɓa su don biyan hayar ofis da niyyar a mayar. A cire harajin albashin ma'aikata a biya, domin yafe wa ƙungiya haraji bai yafe wa ma'aikatanta ba. A kai rahoton shekara CAC tare da lissafin da mai binciken kuɗi na waje ya duba. Sashe na 839 na dokar 2020 ya ba hukumar damar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan aka samu almundahana ko sakaci, don haka sakacin takarda ba ƙaramin abu ba ne.

Aikin teku yana da tarkonsa na musamman: kuɗin hannu a ƙauyukan da babu banki. Za ku biya masu gadin rairayi na dare, ku sayi man inji a jarka, wataƙila ku biya masunci diyyar ragar da ya yanka don ya saki kunkuru. Duk wannan ba shi da rasit. Kwamiti ya tsara tun farko: takardar biya mai sa hannu ko dangwale, shaida daga masu gari, hoton kunkurun da ragar kafin a biya diyya, da adadin da ba za a wuce ba. Maganar diyya ku yi ta da hankali sosai, domin idan kuɗin ya fi darajar ragar, kun koya wa mutane kama kunkuru da gangan.

Mataki na 7: Taro, da tambayoyin da ya kamata a yi

Sau huɗu a shekara ya isa. Takardu su isa ga kowa mako guda kafin ranar, sakatare ya rubuta abin da aka yanke da wanda aka ɗora wa. Aƙalla taro ɗaya a yi shi a bakin ruwa, a ƙauyen da ake aiki. Ku kuma jera tarukan bisa kalandar teku: kasafi ya samu amincewa kafin lokacin ƙwan kunkuru, wanda ke ƙarfi daga watannin ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa, kada a sa doguwar tafiyar ruwa a tsakiyar damina lokacin da teku ke hauka.

Rahoton darakta zai zo da hotuna masu kyau, kuma aikin kwamiti ne ya wuce hotunan. An dasa mangurob dubu nawa, to nawa ne ke raye bayan shekara ɗaya? An gadi sheƙa nawa, nawa suka ƙyanƙyashe bayan kusan wata biyun da suke ɗauka? An kwashe buhun shara nawa, ina aka kai su, ko an tara su ne a bayan rairayi ruwa ya sake kwasa? Masunta nawa suka zo taron wayar da kai don sun yarda, nawa don kuɗin mota? Ku yi tambayoyin da ladabi, amma ku yi su. Ku kuma nuna wa darakta cewa zai iya kawo labarin gazawa ba tare da an ci masa fuska ba. Idan ya ga ba a son jin gazawa, zai daina kawo ta, alhali tana nan.

Kowane taro ya fara da tambaya ɗaya: akwai wanda ke da alaƙa ko amfani a cikin abin da za a tattauna? Wanda ke da shi ya faɗa, a rubuta, ya fita lokacin ƙuri'a.

Mataki na 8: Rayukan masu shiga ruwa

Wannan nauyin kwamiti ne, ba a barin sa ga ra'ayin matuƙi. A rubuta doka: babu shiga kwale-kwale ba rigar ceto, babu lodi fiye da kima, babu tafiyar dare a cikin ƙoramu, babu gadin rairayi mutum ɗaya shi kaɗai, kuma kowace tafiya akwai wanda ke tudu ya san lokacin dawowa. A nemi inshora ga ma'aikata da 'yan sa-kai. A ba jami'in fili ikon soke tafiya idan bai yarda da yanayin ruwa ko tsaro ba, ko da baƙon da ya zo daga Turai ne zai rasa ziyararsa.

Mataki na 9: Maganganu masu zafi, ku yanke su tun ba su zo ba

Wata rana kamfanin mai ko mai manyan jiragen kamun jatan lande zai yi muku tayin tallafi. Akwai ƙungiyoyin da ke karɓa da sharaɗi, akwai masu ƙi gaba ɗaya, kuma kowanne da hujjarsa. Abin da bai dace ba shi ne a fara tunanin amsa ranar da cek ke kan tebur ga albashi ya makale. Kwamiti ya rubuta matsayinsa tun ana cikin kwanciyar hankali. Ni dai ina ganin kada ku karɓi kuɗin wanda wata rana za ku iya bukatar kai ƙararsa ga NOSDRA, hukumar da aka kafa a 2006 don sa ido kan malalar mai. Mutanen da suka ga abin da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan gurɓatar mai ya bayyana a ƙasar Ogoni ba za su saurare ku ba idan tambarin kamfanin na jikin rigarku.

Haka ma maganar fitowa fili. Dokar kamun kifi ta hana manyan jirage jan raga cikin mil biyar na ruwa daga gaɓa, ta kuma wajabta wa jiragen jatan lande sa ƙofar da kunkuru ke kuɓuta ta cikinta. Idan masunta suka kawo muku shaidar karya wannan, wa zai kai ta sashen kula da kifi na tarayya, wanda yanzu ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da aka kafa a 2023? Wa zai yi magana da 'yan jarida? Tsari mai sauƙi shi ne darakta ke magana da yawun ƙungiya, amma duk abin da zai iya jawo shari'a ko ya jefa masu ba da labari cikin haɗari sai ya sanar da shugaban kwamiti da lauya tukuna. Sunan masuncin da ya kawo labari kuwa ba ya fita.

Mataki na 10: Miƙa ragama

Ku jera wa'adi yadda mutum biyu za su sauka a shekara, ba duka lokaci ɗaya ba, kuma ku fara neman magada wata shida kafin lokaci. Sauya amintacce a CAC na bukatar ƙuduri na babban taro da sabuwar sanarwa a jarida da jiran kwana 28, sannan a je banki a canja masu sa hannu, don haka ku sa kuɗin wannan a kasafi. Sabon ɗan kwamiti a ba shi kundin tsarin mulki, lissafin bara, da bayanan taruka uku na baya, a kuma kai shi bakin ruwa kafin taronsa na farko.

Ta ɓangaren darakta, kwamiti ya san yau wanda zai riƙe idan ya kwanta ciwo ko ya samu wani aiki. Takardar shaidar rajista, lambobin sirrin imel da shafukan Facebook, lambobin masu ba da tallafi, da bayanan shekaru na sheƙar kunkuru da filayen dashe, a ajiye su inda aƙalla mutum biyu ke iya kaiwa, ɗaya daga ma'aikata ɗaya daga kwamiti, kuma sakatare ya duba sau ɗaya a shekara ko ajiyar tana buɗuwa.